Yadda Mai Ƙaramar Sana'a Zai Tsara Karɓar Kuɗi ta Intanet

Yawancin masu ƙananan sana'o'i da ke ciniki ta intanet sun fara ne da hanya ɗaya, wato su tura wa mai saye lambar asusunsu, shi kuma ya turo hoton shaidar biya, sai a ɗaure kaya a aika. Wannan hanya tana tafiya muddin ciniki bai wuce biyar ko shida ba a yini. Ranar da ciniki ya buɗe, sai mai sana'a ya tsinci kansa da dare yana gwama hotuna da sunayen da suka shigo asusunsa, ga wanda ya biya da asusun matarsa, ga wanda ya turo hoto ɗaya sau biyu, ga kuma wanda ya gyara adadin da ke jikin hoton da manhajar gyaran hoto. Tsara karɓar kuɗi ta intanet yadda ya kamata shi ne maganin wannan wahala, kuma mafi yawan aikin ba a maɓallin da mai saye zai danna yake ba, yana wurin tabbatar da cewa kuɗin sun shigo da gaske, sun sauka a asusunka, kuma ba za a janye su ba bayan ka riga ka rabu da kayanka.

Fahimtar hanyar da kuɗin ke bi

Kafin a buɗe asusu a ko'ina, yana da kyau a san hannuwan da kuɗi ke ratsawa. Idan mai saye ya shigar da bayanan katinsa, saƙon yana zuwa ne ga kamfanin da ke karɓar maka kuɗi, daga nan ya wuce ta hanyar kamfanin katin, kamar Visa ko Mastercard, har ya isa bankin da ya ba mai sayen kati. Wannan banki shi ne zai duba ko akwai kuɗi a asusun, ko katin bai mutu ba, ko cinikin bai yi kama da na ɓarawo ba, sannan ya amsa da amincewa ko ƙi. Duk wannan yana faruwa cikin 'yan daƙiƙu. Amma amincewar banki alƙawari ne kawai cewa za a biya, kuɗin kansu sai daga baya suke isowa, yawanci bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanakin aiki, bayan kowane mai hannu a ciki ya cire ladansa. Wanda bai san wannan bambanci ba zai yi lissafin sayo sabbin kaya da kuɗin da ba su riga sun zo hannunsa ba.

Mataki na farko: raba kuɗin sana'a da na aljihu, ka tara takardu

Ka buɗe asusun banki na sana'ar kaɗai, da sunan da aka yi wa sana'ar rajista idan tana da rajista. Kamfanonin karɓar kuɗi suna ƙarƙashin dokokin hana halasta kuɗin haram, don haka dole su san da wa suke hulɗa, kuma za su nemi katin shaidarka, da shaidar adireshi, da takardar rajistar sana'a, da lambar haraji a inda doka ta tanadi hakan, da bayanin abin da kake sayarwa. Abin da ya fi jawo jinkiri a nan ƙaramin abu ne, wato saɓanin suna. Idan katin shaida ya rubuta sunanka da wani harafi, banki ya rubuta da wani, takardar rajista kuma ta sa sunan mahaifi a gaba, to na'urar tantancewa za ta iya dakatar da kai har sai wani ma'aikaci ya duba da idonsa. Ka daidaita waɗannan takardu tun kafin ka cike fom.

Ka kuma faɗi gaskiyar abin da kake sayarwa. Kowane kamfani yana da jerin sana'o'in da ba ya karɓa da waɗanda yake ɗauka masu haɗari, kuma idan ka rubuta cewa tufafi kake sayarwa sannan aka ga kana karɓar kuɗin tikitin tafiya na watanni masu zuwa, za a iya rufe asusun a riƙe kuɗinka har sai an gama bincike.

Mataki na biyu: zaɓar hanyar da ta dace da irin cinikinka

Ba kowace sana'a ce ke buƙatar shafin intanet ba. Wanda cinikinsa ke gudana a WhatsApp ko Instagram, mahaɗin biya ya ishe shi: yana shiga asusunsa a wurin kamfanin karɓar kuɗi, ya rubuta sunan kaya da adadin kuɗi, a ba shi adireshin da zai tura wa mai saye, shi kuma ya buɗe ya biya a shafin kamfanin. Wanda ke yi wa mutane aiki, kamar mai zanen gini ko mai fassara, takardar neman biya ta intanet ta fi dacewa da shi, domin tana ɗauke da lamba da ranar da ya kamata a biya, kuma tana tura tunatarwa da kanta. Mai shago da mutane ke zuwa gabansa zai iya lika lambar QR, wannan zanen mai kusurwa huɗu da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙira a 1994, sai dai ya riƙa duba ta lokaci zuwa lokaci, saboda 'yan damfara sukan lika tasu a kan ta mai shago. Sai kuma wanda ke da kaya iri-iri da farashi tsayayye, shi ne ya kamata ya buɗe cikakken shagon intanet a dandali irin su Shopify ko WooCommerce, ya haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da mahaɗin biya. Ana iya kafa shi a yini ɗaya, ba ya buƙatar mai rubuta manhaja, kuma cikin wata biyu zai nuna maka yadda masu sayenka suka fi son biya, ko da kati, ko da tura kuɗi daga banki, ko da asusun waya. Da wannan sani ne za ka gina shafi idan lokacinsa ya yi.

Mataki na uku: zaɓar kamfani da karanta lissafinsa

Akwai manyan kamfanoni da ke aiki a ƙasashe da yawa, irin su PayPal da Stripe da Adyen, akwai kuma waɗanda suka taƙaita ga ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya. Girman suna ba shi ne abin dubawa ba. Tambayar farko ita ce ko kamfanin yana karɓar 'yan kasuwa daga ƙasarka, kuma yana iya sauke kuɗi a bankinka, domin akwai ƙasashen da kamfani ke barin mutane su biya amma ba ya barin su karɓa. Tambaya ta biyu ita ce ko yana da lasisin hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a inda kake, wanda galibi babban banki ne, kuma irin waɗannan hukumomi sukan wallafa jerin waɗanda suka ba lasisi.

Daga nan sai lada, kuma a nan ne ya kamata a zauna da alƙalami. Yawancin kamfanoni suna cire wani kaso daga cikin ɗari, su ƙara da wani tsayayyen adadi a kan kowane ciniki. A matsayin misali kawai, a ce kamfani yana cire kashi 3 cikin ɗari da ƙarin 100 a kowane ciniki, ko da wane irin kuɗi ake lissafin. A cinikin 50,000 zai ɗauki 1,500 da 100, wato 1,600, wanda bai wuce kashi 3.2 cikin ɗari ba. Amma a cinikin 2,000 zai ɗauki 60 da 100, wato 160, wanda ya kai kashi 8 cikin ɗari. Ke nan kamfanin da ya yi wa mai sayar da kayan ɗaki araha zai iya cinye ribar mai sayar da ƙananan kaya. Ka ɗauko cinikinka na watan da ya wuce, ka lissafa abin da kowane kamfani zai cire a kansa, sannan ka kwatanta.

Akwai ladan da ba a rubutawa da manyan haruffa a shafin farko. Katin ƙasar waje yakan fi tsada, canjin kuɗi yana da nasa kason, wasu kamfanoni suna cajin kuɗin sauke kuɗi zuwa banki, kuma da yawa ba sa dawo da ladansu idan ka mayar wa mai saye kuɗinsa. Ka nemi sashen yarjejeniyar da ya yi magana kan riƙe kuɗi, domin kamfani yana da ikon ajiye wani kaso na cinikinka na tsawon makonni ko watanni idan ya ga sana'arka tana da haɗari, kuma sabon ɗan kasuwa da cinikinsa ya yi tsalle farat ɗaya shi ne wannan ya fi faɗawa. Kafin ka yanke shawara, ka aika wa sashen taimakonsu tambaya mai sauƙi ka ga kwana nawa za su yi kafin su amsa. Yadda suka amsa maka kana baƙo, ba za su fi haka ba ranar da kuɗinka suka maƙale.

Mataki na huɗu: buɗe asusu da kulle ƙofarsa

Cike fom ɗin ba ya da wuya, amma abubuwa biyu suna buƙatar natsuwa. Na farko shi ne gajeren sunan da zai bayyana a bayanin asusun mai saye, wanda yawanci ba ya wuce haruffa 22. Ka sa sunan da masu saye suka san ka da shi, ba sunan da ke jikin takardar rajista ba idan sun bambanta, domin mutum idan ya ga baƙon suna ya cire masa kuɗi, banki zai nufa ya ce an yi masa sata. Na biyu shi ne tsaron asusun. Ka yi amfani da kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a wani wuri, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato a nemi wata lamba bayan kalmar sirri, kuma idan akwai zaɓi, manhajar samar da lamba ta fi saƙon tes aminci, tunda ana iya sace layin waya. Idan kana da ma'aikata, ka buɗe wa kowa ƙofarsa da iyakar ikonsa: mai kula da oda ya ga ciniki kawai, amma mayar da kuɗi da canza asusun bankin da ake saukewa su tsaya a hannunka.

Mataki na biyar: haɗa shi da shafinka ba tare da ka taɓa bayanan kati ba

Idan kana da shafi, dole adireshinsa ya fara da https, wato bayanan da ke tafiya tsakaninsa da mai saye a rufe suke. Tun 2018 manhajar Chrome take yi wa shafukan da ba su da wannan kariya alamar rashin tsaro, kuma ba hujja ba ce a ce da tsada, domin wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana bayar da takardar shaidar wannan kariya a kyauta, yawancin masu ba da masaukin shafi ma sukan kunna ta da dannawa ɗaya.

Game da katin kansa, akwai ƙa'idar tsaron bayanan kati da ake kira PCI DSS, wadda Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB suka fitar a 2004, kuma tana hawa kan duk wanda ke karɓar kati komai ƙanƙantar sana'arsa. Hanya mafi sauƙi ta sauke wannan nauyi ita ce kada lambar kati ta taɓa ratsa kwamfutarka. Ka bar mai saye ya shigar da ita a shafin kamfanin karɓar kuɗi, ko a cikin akwatin da kamfanin ya dasa a shafinka. Kada ka karɓi hoton kati ta WhatsApp ko ka rubuta lambarsa a littafi ko da mai sayen ne ya roƙe ka, kuma lambobi ukun nan na bayan kati, ƙa'idar ta haramta ajiye su bayan an gama ciniki. Idan sana'arka ta biyan kuɗi ce wata-wata, kamfanin ne zai ajiye katin ya ba ka wata alama da ke madadinsa, wadda ba ta da amfani ga ɓarawo ko da ya sace ta.

Kamfanin zai ba ka makullai biyu, wato lambobin da ke haɗa shafinka da tsarinsa, na fili da na sirri. Na sirrin a cikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, yake zama, ba a tura shi a saƙo, kuma idan wanda ya gina maka shafi ya bar aiki, ka soke shi ka fitar da sabo. Ka kuma tabbatar wanda ya haɗa shafin ya sa shi yana jiran sanarwar da kamfanin ke turowa kai tsaye zuwa sabarka kafin ya rubuta cewa an biya. Dawowar mai saye zuwa shafin godiya ba shaida ba ce, domin ana iya buɗe wannan shafi ba tare da an biya ba, haka kuma wani zai biya sannan intanet ɗinsa ya yanke kafin ya dawo.

Ka kunna tsarin 3-D Secure, wanda ke sa bankin mai saye ya tambaye shi lambar da aka turo masa ko ya nemi amincewarsa a manhajar banki. Yana ƙara wa mai saye mataki ɗaya, wasu ma sukan gaji su fasa, amma idan ciniki ya wuce ta wannan tantancewa sannan aka ce katin na sata ne, galibi asarar tana komawa kan bankin da ya ba da katin.

Mataki na shida: gwaji

Kamfanoni suna ba da yanayin gwaji da katunan bogi, misali a Stripe lambar 4242 sau huɗu tana wucewa kamar katin gaske. Kada ka tsaya ga cinikin da ya yi nasara, ka gwada katin da aka ƙi, da wanda ba kuɗi a ciki, da mai sayen da ya danna maɓalli sau biyu, ka yi duka a waya, tunda a nan yawancin mutane za su biya. Bayan ka koma yanayin gaske, ka sa wani na kusa ya sayi ƙaramin abu da katinsa, ka duba rasit ɗin da ya samu da sunan da ya fito masa, ka ƙirga kwanakin da kuɗin suka yi kafin su sauka, sannan ka mayar masa da su ta cikin tsarin domin ka koyi yadda ake yi tun kafin fusataccen mai saye ya tsaya a kanka.

Mataki na bakwai: shiri domin ranar da za a yi jayayya

Mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ƙalubalanci ciniki, a mafi yawan lokuta har zuwa kwana 120 a ƙa'idojin Visa da Mastercard. Da zarar ya yi haka, sai a janye kuɗin daga wurinka, kamfanoni da yawa kuma su ƙara da tara, sannan a ba ka 'yan kwanaki ka kawo hujja. Wanda ke yanke hukunci bai san ka ba, bai san mai sayen ba, takarda kawai yake dubawa. Saboda haka ka rubuta sharuɗɗan mayar da kaya da lokacin isarwa a wurin da mai saye zai gani kafin ya biya, ka ajiye lambar bibiyar kaya, da sa hannun wanda ya karɓa, da hirar da kuka yi. A ce wata ta sayi takalmi, bayan wata biyu ta ce bai iso ba. Idan kana da takardar ɗan aike mai ɗauke da adireshin da ta bayar da ranar da aka miƙa, ga kuma saƙonta na washegari tana tambayar ko akwai irinsa baƙi, to kana da abin kare kanka. Idan kuwa ta waya kuka yi komai da baki, kuɗi da takalmi duka sun tafi.

Yawan irin wannan ƙorafi yana da illar da ta wuce asarar ciniki ɗaya, domin idan ya kusanci kashi 1 cikin ɗari na cinikinka, za a fara sa maka ido, kuma abin yana iya kaiwa ga rufe asusu. Shi ya sa sau da yawa gara ka mayar wa mai ƙorafi kuɗinsa da hannunka tun kafin ya kai banki, kuma ka sa lambar waya ko adireshin imel da ake amsawa a jikin kowane rasit.

Akwai dabarun damfara da suka zama ruwan dare. Wani zai biya fiye da kuɗin kaya, sannan ya kira da ladabi ya ce kuskure ne, a tura masa ragowar a wani asusu dabam. Katin na sata ne, kuma idan mai shi ya farga za a janye duka. Dokar da za ka riƙe ita ce kuɗi ta hanyar da suka zo suke komawa. Wani lokaci kuma za ka wayi gari ka ga ƙananan ciniki barkatai cikin 'yan mintoci, yawancinsu an ƙi su, wannan ɓarayi ne ke gwada katunan sata a shafinka, sai ka sanar da kamfanin nan take ka mayar da waɗanda suka wuce. Saƙon da ya zo da sunan kamfanin yana cewa ka danna nan ka tabbatar da asusunka, kada ka danna, ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka ka shiga ka duba. Hoton shaidar biya da saƙon alat kuwa, duk wanda ke sakin kaya a shagonka ya san cewa ba a sakin kaya da su, sai an ga cinikin a cikin asusun kamfanin da alamar an biya.

Mataki na takwas: daidaita lissafi

Kamfani ba ya sauke kowane ciniki shi kaɗai, yana tara na yini ko na 'yan kwanaki ne, ya cire ladansa da abin da aka mayar, ya turo ragowar a dunƙule, don haka adadin da ka gani a banki ba zai yi daidai da kowace oda ba. Ka ware rana ɗaya a mako ka sauke rahoton kamfanin, ka jera shi da littafin odarka da bayanin asusun banki, kana bin lambar da kowane ciniki ke ɗauke da ita. A littafinka ka rubuta cikakken kuɗin ciniki a gefe ɗaya, ladan kamfani a gefen kashewa, domin haka ne zai nuna maka ainihin abin da karɓar kuɗin ke ci, kuma haka mai lissafin haraji zai nema. Bayan wata uku, ka duba yawan waɗanda suka fara biya suka fasa da kuma dalilan da banki ya bayar na ƙin katuna. Idan ka ga mutane da yawa suna tsayawa a wurin shigar da kati, ka ƙara musu hanyar tura kuɗi daga banki ko asusun waya, kuma idan cinikin ya kai matsayin da tsayawar yini ɗaya za ta cutar da kai, ka buɗe asusu a kamfani na biyu ka gwada shi ka ajiye, domin ranar da na farkon ya sami matsala ka tura wa masu saye mahaɗin ɗayan.